Yadi Ɗaya da Rabi

Shekara ashirin da biyu ina auna farin yadi
a rumfar da mahaifina ya bar mini a Ƙofar Guga.
Ba na tambayar wanda ya rasu,
awo ke faɗa mini.
In an ce yadi goma, na san dattijo ne,
ya ci tuwonsa, ya ga jikoki, ya tafi.
In an ce ɗaya da rabi
sai almakashi ya yi mini nauyi.

Damina ce kasuwata, Allah ya yafe mini.
Sauro ya tashi, masassara ta bi gidaje,
sai ka ga uba tsaye a bakin rumfa,
ido a ƙasa, kuɗi sun jiƙe a tafin hannu.
In ce masa, "Allah ya sa mai ceto ne."
Haka ake cewa. Haka na riƙa cewa
kamar mai miƙa canji.

Sai aka zo kan Zulai,
ɗiyata ta uku,
mai ɓoye ƙuliƙuli a cikin takalmina.
Da sikila aka haife ta.
In ciwon ya motsa, ƙashinta ke fara kuka kafin bakinta.
Daren wata Laraba a asibiti, su biyu a gado ɗaya,
ta kama babban yatsana ta ce,
"Baba, me na yi wa Allah?"
Shekarunta shida.
Ko Fatiha in tana yi, a kan Arrahmani take tsayawa
ta ja numfashi.

Na san karatun.
Malam Ɗayyabu ya sha faɗa mana bayan magariba
cewa jarrabawa ce,
cewa Ubangiji ya fi uwa tausayin ɗanta.
Na yarda, ban taɓa musu ba.
Amma ni a sanina mai gemu ake jarrabawa,
ba wadda take da giɓi a baki ba.

Na fita gindin dalbejiya,
na ɗaga hannu, na rasa abin roƙo.
Na ce, "Ya Rahimu, ga ni nan, ban gane ba."
Iyakar addu'ata ke nan.
Sama ba ta tsage ba.
Janareta ya ci gaba da ruri, wani yana siyar da shayi a bakin ƙofa.

Da na koma ciki
na iske wata mata daga Batagarawa,
uwar yaron da suke gado ɗaya.
Nata ya cika tun ina waje, an naɗe shi an fitar,
ba mota sai da safe.
Tana zaune, ƙafafun Zulai a cinyarta,
tana gasa su da tsumma mai ɗumi,
tana ce mata, "Yi shiru, Sanusi, yi shiru."
Ba ta gyara sunan ba.
Ni ma ban gyara mata ba.

Wa ya zuba wannan a ƙirjin da aka yashe ɗazu?
Rijiyar da aka ƙafar da ita da dare
ina ta samo ruwa kafin asuba?
Ba amsa ba ce, na sani.
Amma da ita na iya yin alwala.

Da safe ni na yanka wa Sanusi yadinsa.
Uban ya miƙo kuɗi, na rufe masa hannu.
Maganar nan da na saba ta zo bakina,
na haɗiye ta,
muka tsaya haka nan har rana ta iske mu.

Zulai tana nan, tara take yanzu,
ciwon yana zuwa yana tafiya kamar mai bin bashi.
Tambayarta ma tana nan,
na ninke ta na sa a aljihu, da ita nake shiga sahu.
In liman ya kai Arrahmani
nakan ji numfashina ya tsaya,
sannan in bi shi.